Muryar Sahabi a Lamba Bakwai

Batsari,
farkon damina.

Zuwa ga Kawu Jamilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inno da Zuwaira da duk mutanen gida. Yaya gwiwa? Yaya shuka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mama tana gaishe ka, ta ce in tuna maka kai ɗan ƙanin uwarta ne, ba baƙo ba, don haka ka daina wuce ƙofar gidanmu in ka shigo kasuwa.

Na so in kira ka, amma na san halinka. Sai ka hau tudun bayan gari kafin ka samu sabis, kuma ka ce ba ka maganar gida a inda rabin Zakka ke tsaye da waya a kunne. Shi ya sa na ba Sammani direba wannan takarda.

Ɗakin kayan tarihin da ƙungiyar garinmu ta ɗora ni a kai ya buɗe. Kada ka zaci wani babban abu ne, ɗaki ɗaya ne da baranda. Akwai galma, da tsohuwar masaƙa, da taskira, da tulun da aka ce ya girmi kowa a garin. Ba mu da halin ɗaukar mai yi wa baƙi bayani, kuma yawancin masu shigowa ba su karanta boko. Sai wani injiniya daga Katsina ya haɗa mana dabara. Kowane kaya da lambarsa a jiki. Ka kira layinmu da kowace irin waya, ko ƙaramar nan mai tocila, ka danna lambar, sai ka ji muryar wanda ya san kayan yana ba ka labarinsa. In ya gama sai wata ƙara ta yi, mai son faɗin wani abu ya faɗa, ya shiga akwatin saƙo in saurara daga baya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Bara, kafin a kore shanunku, na tare Hamma Sahabi, babban ɗan Inno, Allah ya jiƙansa, a kasuwa, na matsa mashi sai da ya kawo mana tsohon dangwalin mahaifinsa, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere. Na sa shi gaba na ɗauki muryarsa. Yana ta noƙewa, wai shi bai iya magana da ƙarfe ba, amma da ya fara sai da na ce ya isa haka. Shi ne lamba bakwai. Ran da muka gwada layin na danna ban shirya ba, sai ga shi yana dariya a kunnena. Kawu, zama na yi a ƙasa na yi ta kuka.

Ban sani ba ko ya dace a bar muryar mamaci mutane na ji. Kai ne babba, kai ka tsaya a kan kabarinsa. In ka ce a cire, a cire. Ga lambar layin a ƙasa, ka ji da kunnenka tukuna.

'Yarka,
Bushira

*

Zakka,
bayan noman farko.

Zuwa ga ɗiyata Bushira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, har da man ja a gefe, don Sammani cikin kayan miya ya cusa ta. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ke mulkin gidan yanzu. Gero ya yi kyau, sai dai gonakin nesa ba mai zuwa, kin san dalili. Ki ce wa uwarki ta fara zuwa duba ni kafin ta kai ƙarata.

Na hau tudun. Zuwaira ce ta riƙe mani wayar, tun da yayanta ne, na ce ta buɗe muryar mu ji tare. Bushira, na tsufa ina koyar da yara, ban taɓa tsoron na'ura ba sai ranar. Shi ne sak, har da gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana. Ya faɗi yadda ake kafa turaku biyu a ja igiya tsakani, da yadda kowane maraƙi ya san gurbinsa. Ya kira shanu da sunansu, Wule, Saye, Nore, ya yi masu dogon kiran nan nasa. Sai ya ce, “To ni zan tafi, rana ta yi sanyi, zan koro su gida. A wanke ƙorai.” Ya yi dariya. Zuwaira ta toshe baki da gyale.

Da na waiwaya sai na ga Inno. Ashe ta biyo mu tana tsintar ƙirare. Tana tsaye ta ba mu baya, ba ta motsa ba har ƙarar nan ta yi. Sannan ta sunkuya ta ci gaba da tsintarta. Ban yi mamaki ba, ɗan farinta ne. Ke a gari kika tashi, kakarki ce kawai ta san ruga, to bari in tuna maki. Inno ba ta taɓa kiran sunansa ba, “wancan” take cewa. Ran da na dawo daga binne shi na faɗa mata, daka na tarar tana yi. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da dakanta.

Ki bar muryar. Ba zagi ya yi ba, ilimi ya bari. Wanda ya ji ya yi mashi addu'a.

Wani abin farin ciki kuma, Inno ta fara dawowa. Tun da muka baro ruga ba ta cin abin kirki, yanzu tana cinye tuwonta tas. Har ta kwance ƙoranta da ke ɗaure tun zuwanmu, tana wankewa tana shanyawa. Na tsokane ta, na ce matar yaya, ko kaji za ki tatsa? Ta ce in kama bakina.

Kawunki,
Jamilu

*

Batsari,
ranar kasuwa.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta sassauta. Labarin Inno ya faranta mana rai, Mama har ta yi sadakar ƙosai. Ruwa ya yi gyara a nan, rufin barandarmu ne kawai ke yoyo.

Ɗaki ya karɓu. Wani tsoho daga Karare ya danna lambar galma, ya saurara, ya bar saƙo yana faɗa, wai mai bayanin bai taɓa huɗa ba a rayuwarsa. Na yi dariya har da hawaye. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Akwai wata lamba da ke kira kullum bayan la'asar. Ba ta danna komai sai bakwai. Kuma ba daga ɗakin ake kiran ba. Sau da yawa ina zaune ni kaɗai, ƙofa a buɗe, ba kowa gaban dangwalin, kwamfuta na nuna mani ana sauraren bakwai. In Hamma ya gama, mai kiran ba ya kashewa, sai saƙo ya shigo akwati. Na buɗe na ji. Iska ce, da kukan kurciya can nesa, da numfashi. Numfashin mutum, a hankali, dab da waya. Ba kalma ko ɗaya. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Na daure na kira lambar da wayata. Aka ɗauka. Na yi sallama, ba a amsa ba. Na ce wane ne don Allah, sai numfashin ya tsaya cak, aka kashe.

Kawu, ba a samu wayar Hamma a jikinsa ba, ko? Ina ta tunanin mutanen da suka kashe shi. To amma me zai sa su nemi jin muryarsa? Akwai wani tunanin kuma da ba na son in rubuta. Matar da ke share mana ɗaki ta daina zuwa kusurwar dangwalin. Ta ce da yamma igiyar tana warin maruƙa, sabon wari, ba na tsohuwar igiya ba. Na yi mata faɗa, na ce damina ce ke ta da warin komai. Amma ni ma in la'asar ta yi sai in ja kujerata baranda, ko da yoyon.

Na rubuta lambar a bayan takarda, ko Allah zai sa wani ya san ta. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Bushira

*

Zakka,
gero ya fara kai.

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Ki yafe shirun da kika ji. Ruwa ya cinye hanya, Sammani ya daɗe bai shigo ba, takardarki ta kwana masa a aljihu har ta yi laushi. Lafiyar jiki muna da ita. Ta zuciya ce babu.

Ki kwantar da hankalinki, ba 'yan daji ba ne, ba aljani ba ne. Wayar Inno ce, wadda Sahabi da kansa ya saya mata. Na titsiye Zuwaira ta faɗa mani. Washegarin ranar da muka hau tudu, Inno ta zo ta ajiye mata wayar a gabanta. Zuwaira ta gane, ta sa mata layinku, ta nuna mata lambar da za ta danna, bakwai ɗin nan mai kama da fartanya.

Ki tsaya ki fahimce ni. Sahabi bai taɓa yi wa uwarsa magana kai tsaye ba. In yana son ta san wani abu, sai ya tsaya bakin bukka ya faɗa wa Zuwaira, ko ya faɗa wa turke da ƙarfi, ita kuma tana ciki, ta ji, ba ta amsa ba. Haka suka rayu. To mene ne bambancin wannan da wayarku? Yana magana, ba ya jiran amsa, ba ya kiran sunanta. Ni da ke mun san na'ura ce. Ita kuwa haka ɗanta ke yi mata magana tun yana yaro. Kuma ba ta ga gawarsa ba.

Sai yanzu na gane wankin ƙoran nan. Shi ya ce a wanke, zai koro su gida. Kullum sai ta wanke su, ta jera su suna kallon ƙofa. Ni kuma da wautata ina murna wai ta warware.

Abin da ya fi tayar mani da hankali tudun ne. Daji yake kallo. In rana ta karkata ba mai tsayawa can, kuma kwanan nan an ga masu mashina a gindinsa. Ita kaɗai ke zama har rana ta faɗi. Na hana ta, ta dube ni kamar ba da ita nake ba. Na ɓoye wayar, ta daina cin abinci, dole na mayar mata. Ba zan binne ɗa in koma in binne uwa ba.

Ki goge muryar nan. Ba cirewa kawai ba. Ki goge a layi, ki goge a kwamfuta, ki goge a wayarki, duk inda take, ƙaf. Na san zuciyarki, in kin bar saura wata rana za ki mayar. In ta kira ta ji babu, za ta haƙura ta zauna gida. Ni na ce a bari, ni kuma na ce a goge, alhakin a wuyana. Ba shawara nake ba ki ba.

Kawunki,
Jamilu

*

Batsari.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inno, ko da yake ban san da wane ido zan dube ta ba nan gaba. Mu lafiya.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na so in roƙe ka ka jinkirta, amma kafin amsa ta je ta dawo, Allah kaɗai ya san sau nawa za ta hau tudun nan. Na yi yadda ka ce.

Na saurare shi sau ɗaya kafin nan, ni kaɗai. Ban iya sa muryar wani a gurbinsa ba, duk da injiniyan ya ce in yi. Yanzu in an danna bakwai shiru ne, tsawon yadda maganarsa take a da, sannan ƙarar barin saƙo ta yi. Dangwalin yana nan rataye. Baƙi suna danna lambarsa, su girgiza waya, su ce mani ta lalace, in ce masu e.

Allah ya sa hakan ne alheri.

Bushira

*

Zakka,
an fara yankan gero.

Bushira,

Wa alaikumus salam. Kowa yana raye, da wannan zan fara don kada zuciyarki ta tsinke. Gwiwata ta kumbura, a kwance nake rubuta maki, ki yi haƙuri da rubutun.

Kwanakin farko Inno ta riƙa hawa tudu tana saukowa da wuri. Na ce madalla, magani ya ci. Sai wata safiya Zuwaira ta shigo ɗakina ba sallama. Inno ba ta nan, ƙorai ba su nan, tsintsiya ba ta nan. Sawunta ya yi yamma, hanyar tsohuwar rugarmu, inda tun da aka kore shanu ba wanda ya sake takawa.

Na samu mutum uku masu ƙarfin hali muka bi ta a kan mashina. Muka ajiye su nesa don kada ƙara ta tona mu, muka ƙarasa a ƙasa. Rana tsaka ce. Bukkoki sun rufta, ciyawa ta kai ƙirji, ko tsuntsu ba ya kuka. Sai muka ji shara. Shar, shar, a hankali, a wurin da ba kowa. Ɗaya daga cikinmu ya fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Ita ce. Ta cire ciyawar da ke tsakanin turakun nan biyu, inda dangwali yake a da, ta share wurin fes. Ga ƙorai a jere a gefe.

Na ce, “Matar yaya, taho mu tafi, nan ba wurin zama ba ne.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai na faɗi abin da ba a faɗa wa uwa a gaban mutane. Na ce, “Inno, Sahabi ya mutu. Ba zai koro komai ba. Da hannuna na sa shi a rami.”

Ta jingine tsintsiya jikin turke, ta dube ni. Ta ce, “Jamilu, mahaukaciya ka ɗauke ni? Ni na haife shi. Tun kafin ka sako ƙafa cikin gida ranar nan na sani.”

Na ce, “To ƙoran fa?”

Ta ce, “Ya ce a wanke. Tun da ya zo duniya bai taɓa sa ni aiki ba sai wanga.”

Mutanen da muka zo da su suka ja baya suka ba mu wuri. Ta ce, “Yana raye, in ya buɗe baki sai in tashi in bar wurin, kada a ce ina sauraren ɗan fari. Ban taɓa jin maganarshi daga farko har ƙarshe ba. Ban san haka dariyarshi take ba. Sai cikin abin nan, inda ba mai ganina. Yanzu na danna, shiru. Muryar ta fara ɓace mani, na ce bari in zo inda ya saba magana ko zan tuna.”

Sannan ta ce, “Wa ya rufe mashi baki?”

Bushira, ƙarya na yi. Na ce mata layin ne ya lalace, kuma ke za ki gyara. A kan wannan alkawarin ta yarda ta hau mashin, ƙorai a cinya.

Ban fahimci Inno daidai ba, na ja ki kika bi ni. Ki mayar da muryar. Na san ku 'yan zamani, ba ku goge abu ƙaf, kullum akwai wani lungu da kuke ajiye saura. Wannan karon ba zan yi fushi ba in na ji kin saɓa mani, albarka zan sa maki. Da na miƙe ni zan riƙa raka ta tudun da hantsi, lokacin da mutane ke nan, in tsaya nesa in ba ta baya.

Ki hanzarta, tana jira.

Kawunki,
Jamilu

*

Batsari,
kaka.

Kawu,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da ka yi. Na daɗe ban amsa ba don ina neman abin da zan aiko maka da shi, ban samu ba.

Kawu, ka ce ƙaf. Ban saɓa maka ba. Babu lungu, babu saura.

Na ɗauki kwamfutar da wayata na kai wa injiniyan har Katsina. Ya wuni yana tono, ya miƙo mani ya ce in yi haƙuri. Na tambayi masu zuwa ɗakin ko akwai wanda ya taɓa ɗauka a wayarsa, babu. Da hannuna na yi, kuma ina kwana da abin ina tashi da shi. Na rasa yadda za ka faɗa mata.

Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka faɗa. Ta dawo da kira, da hantsi yanzu, don haka na san ka miƙe kana raka ta. Kai kana nesa, ba ka ji. Ni nake ji. Tana danna bakwai, ta riƙe har shirun nan ya ƙare, ba ta kashewa. Kuma saƙonta ba numfashi ba ne kawai yanzu. Da farko cewa take, “To, na ji.” Wata rana ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Shekaranjiya ta ce, “A'a, ba wannan rafin ba, na gaba ya fi ruwa.” Kawu, Hamma bai yi maganar rafi ba a abin da na ɗauka. Na san kowace kalma.

Na danna bakwai da kaina. Shiru ne. Na kara wayar sosai a kunne, shiru ne, amma ban iya riƙewa har ƙarshe ba.

Saƙonta na yau ya fi kowane tsawo. Yawancinsa da Fillanci ne, ban gane ba, sai dai muryarta a sake take, irin ta mai hira a tsakar gida. A ƙarshe ta juya Hausa ta ce, “Yarinyar Batsari ta kyauta da ta gyara. Allah ya yi mata albarka.”

Kawu, ban gyara komai ba.

'Yarka,
Bushira